Farfesa Obasi, Masanin Iska da Damina

'Yan'uwa, mu mutanen Hausari mun sani, in damina ta yi gardama, mudun gero ne ke fara gaya mana. Shi ya sa muke tunawa da marigayi Farfesa Godwin Obasi, haifaffen Ogori a 1933. A 1963 ya sami digirin dakta a MIT ta Amurka, da bincike kan yadda iska ke kewaya kudancin duniya. Ya koyar a Jami'ar Nairobi, kana ya shugabanci Hukumar Yanayi ta Duniya daga 1984 zuwa 2003. A zamaninsa, 1988, aka kafa kwamitin binciken ɗumamar duniya. Ya rasu a Abuja, 2007. Jama'a, Tafkin Chadi ya ja baya; mu tura yaranmu wannan karatu.