Leonhard Euler, Makaho Masanin Lissafi

An haifi Leonhard Euler a birnin Basel, ƙasar Suwizalan, a shekara ta 1707. Ubansa fasto ne, ya so ɗansa ya gaje shi. Amma da malaminsa Johann Bernoulli ya ga baiwar lissafi da Allah ya ba yaron, sai ya roƙi uban ya bar shi ya bi wannan hanya. A 1727 ya tafi aiki ƙasar Rasha. Can idonsa na dama ya mutu, kuma daga 1771 kusan ba ya ganin kome. A shekaran nan kuma gobara ta cinye gidansa. Duk da haka bai yi gunaguni ba. Kowace yamma yakan tara iyalinsa su yi addu'a, da rana kuwa yana faɗin lissafi ana rubuta masa.

Ga ɗaya daga cikin ayyukan da ya yi cikin makanta. Buhun gyaɗa 12 ya kan rabu daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Amma buhu 13 ba ya rabuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan ita ce lamba marar rabuwa. In ka jera 2 har sau 31, ka riɓanya su da juna, ka ɗebe 1, za ka sami 2,147,483,647. Ko wannan tana rabuwa? Euler ya san ba sai an gwada lambar da ta wuce 46,340 ba. Ya san kuma duk wadda za ta raba ta, in an raba ita kanta da 62, tilas 1 ya ragu. Da haka gwajin ya taƙaita ƙwarai, a 1772 ya tabbatar ba ta rabuwa. Aka daɗe ba a san wadda ta fi ta girma ba. Ya rasu a 1783.

Ya ku 'yan'uwa na ekklesiyoyin Karaye da Rogo, yaro makaho nawa ne a ƙauyukanmu da ba a ba shi kome ba sai sanda da ƙoƙon bara? Wanda ya rasa ido bai rasa hankali ba. Dattawa, ku nemi yaran nan, ku kai su inda za a koya musu karatu, gama ba mu san baiwar da Ubangiji ya ajiye a cikinsu ba.