John Muir

John Muir (21 ga Afrilu 1838 – 24 ga Disamba 1914) marubuci ne kuma masanin tsirrai da duwatsu, ɗan asalin Sikotilan wanda ya yi rayuwarsa a Amurka. An fi saninsa da fafutukar kare kwarin Yosemite da ke cikin tsaunukan Sierra Nevada a jihar Kalifoniya.

Rayuwar farko

An haife shi a garin Dunbar. A 1849 mahaifinsa, mutum mai tsananin riƙon addini, ya kwashe iyalinsa zuwa wata gona a jihar Wisconsin. Muir ya shiga Jami'ar Wisconsin, amma bai kammala digiri ba. A 1867, yana aiki a wata masana'anta a Indianapolis, wani ƙarfe ya soke masa ido, ya yi makonni ba ya gani. Da ya warke sai ya bar aikin injina, ya taka da ƙafa kimanin mil 1,000 har jihar Florida.

Yosemite da gardamar duwatsu

Ya fara shiga Yosemite a 1868. Shekarar da ta biyo ya samu aikin kiwon tumaki a saman tsaunukan, daga baya ya yi aiki a injin tsaga katako a cikin kwarin. Kwarin yana tsakanin bangayen dutsen giranit masu miƙewa sak, kamar El Capitan mai tsayin kusan mita 900 daga ƙasan kwarin, da Half Dome mai kama da ƙwarya kife da aka fasa gefenta.

Muir ya lura da cewa falalen duwatsun suna da santsi kamar an goge su, kuma suna da zane-zanen ƙarce masu fuskantar gefe ɗaya. Ya kuma ga manyan duwatsu yashe a wuraren da ba nan ne asalinsu ba. Daga nan ya yanke cewa kogunan ƙanƙara ne, masu tafiya sannu a hankali, suka sassaƙa kwarin. Josiah Whitney, shugaban hukumar binciken ƙasa ta Kalifoniya, ya tsaya a kan cewa ƙasan kwarin ce ta rufta, ya kuma raina Muir a matsayin makiyayi. A 1871 Muir ya gano wani ƙaramin kogin ƙanƙara da ke raye a yankin, ya kuma buga bayaninsa a jaridar New York Tribune. Binciken baya ya nuna makiyayin ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ya zuzuta aikin ƙanƙarar, domin kogin Merced ne ya fara haƙa kwarin.

Fafutuka

Barnar da tumaki ke yi wa ciyayin tsaunukan ta sa shi da Robert Underwood Johnson, edita a mujallar Century, suka matsa wa majalisar dokokin Amurka lamba, aka kafa gandun daji na ƙasa na Yosemite a 1890. A 1892 aka kafa ƙungiyar Sierra Club, ya shugabance ta har rasuwarsa. A 1903 ya kwana uku a daji tare da Shugaba Theodore Roosevelt, kuma a 1906 kwarin ya koma hannun gwamnatin tarayya.

Yaƙinsa na ƙarshe bai yi nasara ba. Birnin San Francisco ya nemi gina madatsar ruwa a kwarin Hetch Hetchy, wani kwarin giranit a cikin gandun. Muir ya shekara da shekaru yana adawa, amma Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa dokar hannu a Disamba 1913. Bayan shekara ɗaya Muir ya rasu a Los Angeles sakamakon ciwon huhu.

Suka

Kafin zuwansa, mutanen Ahwahneechee ne ke zaune a kwarin, kuma mayaƙan Turawa sun fatattake su a 1851. Wasu rubuce-rubucen Muir na farko sun ƙasƙantar da 'yan asalin ƙasar da baƙar fata, abin da Sierra Club da kanta ta amsa a fili a 2020.