Marjory Stephenson, masaniyar da ta gano sinadarin haidurojenes a cikin laka

An haifi Marjory Stephenson ranar 24 ga Janairu, 1885, a ƙauyen Burwell kusa da Cambridge a Ingila. Ta karanci kimiyya a Kwalejin Newnham, a zamanin da jami'ar ba ta bai wa mata cikakken digiri.

Aikin da ya ɗaukaka sunanta daga laka ya fito. Wata masana'antar sukari ce ke zubar da dagwalonta a kogin Ouse, har ruwan ya ruɓe yana fitar da iska. Ita da Leonard Stickland suka nazarci ƙwayoyin halittar da ke cikin lakar. A 1931 suka bayyana sinadarin da ƙwayoyin ke sarrafa iskar haidurojin da shi, suka raɗa masa suna haidurojenes. Bayan shekara biyu suka nuna cewa wasu ƙwayoyin da haidurojin suke samar da metan, gas ɗin nan da ke tashi daga fadama da tumbin shanu.

A 1945 ita da Kathleen Lonsdale suka zama mata na farko da ƙungiyar masana ta Royal Society ta zaɓa. Ciwon daji ne ajalinta, ranar 12 ga Disamba, 1948.