William Sturgeon: Badukun da Ya Koya wa Ƙarfe Maita

'Yan'uwa mazauna Yerwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu naɗin koyil a Hausari ko bakin Monday Market ya ga yadda suke naɗa jar waya a jikin ƙarfe, fankar da ta mutu ta tashi. Mutumin da ya fara wannan naɗi baduku ne, sunansa William Sturgeon.

An haife shi a 1783 a ƙauyen Whittington da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa ɗinkin takalma yake yi, amma bai damu da gida ba, uwar kuma ta rasu yaron yana ɗan shekara 10. Aka kai shi koyon dukanci wajen wani maigida mai tsanani. A 1802 ya shiga soja, daga baya ya koma rundunar masu igwa. A bariki ne ya riƙa aron littattafai yana koya wa kansa lissafi da harsuna da ilmin lantarki, ba malami ba makaranta. Da ya ajiye kaki a 1820 sai ya buɗe shagon takalma a Woolwich, kusa da Landan.

A wannan shekarar ce wani masani ɗan Danmak, Oersted, ya lura cewa wayar da wuta ke bi ta cikinta tana juya allurar kamfas. To amma ƙarfin kaɗan ne, ba ya ɗaga komai. Sturgeon sai ya samo guntun ƙarfe mai nauyin giram 200, ya lanƙwasa shi kamar kofaton doki, ya shafe shi da irin man da kafintoci ke shafa wa katako don kada wuta ta tsallaka cikinsa. Sannan ya naɗa masa wayar jan ƙarfe sau 18, ya haɗa da batir guda. Nan take guntun nan ya zama mayen ƙarfe, ya ɗaga kilo 4, wato ninkin nauyinsa sau 20. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne da an cire wayar sai maitar ta tafi, kayan su faɗo. Mayen da aka sani a da ba ya jin magana, wannan kuwa kunna shi ake yi a kashe. In kuma aka juya kan batirin, gefen da yake jawo wani maye sai ya koma tura shi. Ya nuna abin a Landan a 1825, aka ba shi lambar azurfa da 'yan kuɗi.

Wayarsa tsirara take, don haka naɗin ba ya yawa. Joseph Henry na Amurka ne ya rufe waya da siliki ya yi naɗi bisa naɗi, har a 1831 nasa ya ɗaga fiye da kilo 900. A 1832 Sturgeon ya ƙera injin da ke juyawa da lantarki, da wata 'yar na'ura mai sauya hanyar wuta a kowane rabin zagaye don kada juyin ya tsaya. Irinta tana nan cikin kik-sitatar mota har gobe, shi kuma naɗin yana cikin lasifikar masallaci da injin ban ruwa.

A ganina na ɗan kasuwa, mutumin ya iya ƙira amma ciniki bai karɓe shi ba. Mujallar lantarki da ya kafa a 1836 ta durƙushe bayan 'yan shekaru. Gidan nuna kimiyya da aka ba shi riƙo a Manchester a 1840 shi ma bai daɗe ba. Allah Sarki, da tsufansa ya koma yawo gari-gari da kayan gwajinsa yana lacca don ya samu na abinci. Sai a 1849 gwamnati ta yanka masa fanshon fam 50 a shekara, bai ko ci na shekara biyu ba ya mutu ranar 4 ga Disamba, 1850, a Prestwich, kusa da Manchester.