Labarin Abbas Ɗan Firnas, Malamin Ƙurɗuba da Ya Ɗaura Fukafukai

Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, almajiraina suka sami sana'a. Da sun ji ƙugi sai su bar allo su ɗaga kai, wannan ya ce na alhazai ne, wancan ya ce na soja ne. Na lura da wutsiya suke shaida jirgi, don a can ake zana tambarinsa. Wutsiyar nan ita ta tuna mini da mutumin da zan ba ku labarinsa.

Sunansa Abul Ƙasim Abbas ɗan Firnas, asalinsa Barbar ne. An haife shi a yankin Runda cikin Andalus wajen shekara ta 810, ya zauna a birnin Ƙurɗuba, ya yi zamani da sarakunan Banu Umayya uku: Hakamu, da Abdurrahmanu na biyu, da Muhammadu. Ya riski Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda da ruwayarsa muke karanta Muwaɗɗa har yau.

Abin da ya fara ɗaukaka shi karatu ne. Wani falke ya kawo littafin Arula na Halilu ɗan Ahmad, watau ma'aunin waƙa, malaman fada suka juya shi suka kasa gane kansa. Abbas ya karɓa ya warware musu shi. Bayan wannan ya ƙera agogon ruwa mai nuna lokatai, ya gano hanyar yin gilashi daga dutse, kuma ya shirya wani ɗaki a gidansa inda baƙo zai ga siffar taurari da gajimare, ya ga walƙiya, ya ji tsawa. Wannan ya kusa jawo masa halaka, gama mutane sun kai ƙararsa gaban alƙali da zargin zindiƙanci. Aka saurari shaidu, ba a sami abin kama shi ba, aka sallame shi. A ganina alƙalin nan ya cancanci yabo, domin ba kowa ke iya tsayawa gaban taron jama'a masu fushi ba.

To, sai maganar tashi. Ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya faɗo daga wuri mai bisa, iska ta ɗauke shi ya yi 'yar tafiya mai dama. Wajen sauka aka sami matsala, ya bugu a gadon baya, don bai yi wa kansa wutsiya ba, alhali kuwa da ita tsuntsu ke tsai da jikinsa in zai sauka. Maƙƙari, wanda ya rasu a 1632, ya kawo wannan a cikin Nafhuɗ Ɗibi, har ya ambaci wani mawaƙin zamanin, Mu'uminu ɗan Sa'idu, da ya yi masa zambo a kai.

Ya rasu a 887, daidai da 274 ta Hijira, Allah ya jiƙansa. Shekara dubu da 'yan kai bayansa, a 1925, jiragen sojan Ingila uku masu fiffike sama da ƙasa suka taso daga Masar suka sauka a Kano. An sa wa wani rami a jikin wata sunansa, a 2011 kuma aka buɗe gada a Ƙurɗuba mai sunansa.