Elvis Presley: Tarihin Sarkin Kiɗan Rok Da Yadda Muryarsa Ta Yi Ta Sauyawa

Idan mai karatu ya sami faifan da Elvis Presley ya yi cikin 1954 ya saurara, sa'an nan ya ɗora wanda ya yi cikin 1976, to ba mamaki ya rantse mutum biyu ne. Na farkon yaro ne mai siririyar murya, tana tsalle kamar ɗan akuya. Na biyun kuwa babban mutum ne mai kauri a maƙogwaro, yana jawo waƙa daga can cikin ƙirji, kana jin haki a tsakani. Alhali kuwa mutum ɗaya ne, shekara 22 kawai ke tsakani. To, yau tarihin wannan Bature za mu kawo wa 'yan'uwa, mu bi sawun muryar nan tun daga fitowarta har ranar da ta ɗauke.

An haife shi ran 8 ga watan Janairu, 1935, a wani ƙaramin gari wai shi Tupelo cikin jihar Misisipi ta kudancin Amurka. Tagwaye ne, amma wanda ya fara zuwa, wato Hasan ɗin, bai zo da rai ba, kuma iyayen ba su sake samun haihuwa ba. Talakawa ne liƙis. Ubansa Vernon har gidan kaso ya shiga cikin 1938 saboda sauya adadin kuɗi a takardar cek. Cikin 1948 suka tattara komatsansu suka koma birnin Memfis neman abinci, kamar dai yadda da yawa daga cikinmu suka baro gida.

A coci ya fara jin waƙa. A Memfis kuma ya ƙara da wadda baƙar fata ke yi, wadda ake kira bulus, ga ta Turawan karkara da ake sakawa a rediyo. A zamanin nan doka ta raba fari da baƙi a kudancin Amurka, makaranta dabam, wurin cin abinci dabam, amma ba wanda ya iya raba kunnen yaro.

Bayan ya gama sakandare cikin 1953 ya shiga wani ɗan ɗakin ɗaukar murya na wani mutum mai suna Sam Phillips, ya biya kuɗi aka ɗauki muryarsa. Wani abin mamaki, waƙoƙi masu sanyi ya rera, don su ne zuciyarsa ke so tun asali. Shekara na zagayowa, lokacin yana tuƙa motar wani kamfanin lantarki, Phillips ya kira shi ya haɗa shi da makaɗa biyu, Scotty Moore da Bill Black. Daren 5 ga watan Yuli, 1954, suka yi ta gwada waƙoƙin sanyin nan ba wanda ya zauna. Da aka tafi hutu sai yaron ya ɗauki jita ya kama wata tsohuwar waƙar bulus da sauri, da nufin wasa, makaɗan suka bi shi. Phillips ya ce a sake, ya kunna na'ura. Ita ce That's All Right.

Muryar da ke cikin faifan nan sama take, ba nauyi, ba ko ganga a bayanta. Yakan datse kalma a tsakiya kamar mai shaƙuwa, ya ja wata, ya faɗo ƙasa ya sake hawa cikin numfashi guda. Phillips kuma yana da wata dabara ta haɗa rikoda biyu, ɗaya tana maimaita sautin jim kaɗan bayan ɗayar, sai muryar ta riƙa amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Da aka saka faifan a rediyon Memfis, masu sauraro da yawa sun ɗauka baƙar fata ne, har sai da mai gabatarwa ya tambaye shi makarantar da ya yi, domin sunan makaranta kaɗai ya isa a gane launin fata.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Waƙar ta wani baƙar fata ce, Arthur Crudup, wanda ya yi ta tun 1946. Elvis bai taɓa ɓoye inda ya samo kiɗansa ba, amma shi ya zama attajiri, Crudup kuwa ya mutu cikin 1974 yana neman haƙƙinsa a hannun kamfanoni.

Ƙarshen 1955 wani dillali da ake kira Kanar Tom Parker ya karɓi ragamar harkokinsa, kamfanin RCA kuma ya sayi yarjejeniyarsa a kan dala 35,000. Daga nan murya ta fara kauri. Aka ƙara ganga da fiyano da 'yan amshi huɗu. Waƙar Hound Dog da ya ɗauka cikin Yuli 1956 sau 31 ya maimaita ta kafin ya gamsu, kuma da kakkausar murya ya yi ta, kamar mai faɗa. Cikin shekarar dai ya yi Love Me Tender da taushi, kamar mai rarrashin jariri. Dattawan Amurka ba muryar ce ta dame su ba, karkaɗa ƙugun da yake yi ne, har ya kai a wani shirin telebijin na Janairu 1957 daga ƙugu zuwa sama kaɗai aka nuna shi.

Cikin Maris 1958 aka ɗauke shi soja. Watan Agusta uwarsa Gladys ta rasu, abin da waɗanda suka san shi suka ce bai taɓa warkewa daga gare shi ba. Aka tura shi Jamus. Can ya shaƙu da wani soja, Charlie Hodge, wanda dā mawaƙi ne, suka riƙa zama a gida suna gwajin riƙe numfashi da hawa sama ba tare da murya ta tsage ba. Elvis ya daɗe yana sha'awar Mario Lanza mai waƙa irin ta Italiya, yana so ya gwada ƙarfinsa a wannan fage.

Da ya dawo cikin Maris 1960 sai aka ji wani mutum dabam. Shaƙuwar nan ta ragu, murya ta zauna, ta yi santsi, ta yi faɗi. It's Now or Never, wadda aka gina bisa karin wata tsohuwar waƙar Italiya, ita ce shaida. Ya fara ta a hankali, ya ƙare ta a sama da cikakken ƙirji, abin da yaron 1954 ba zai iya ba. A ganina, idan ana maganar iya sarrafa murya ne, ba ta taɓa fin yadda take a 1960 da 1961 ba. Masu son kiɗan rok zalla kuwa cewa suka yi soja ya kashe masu gwani.

Sai dai kash, a daidai lokacin da muryar ta nuna ne aka ɗaure ta. Parker ya ga kuɗi a silima, ya jefa shi ciki. Jimlar fim 31 ya fito a ciki zuwa 1969, wata shekarar har uku, kusan duk labari ɗaya ne: saurayi, mota, 'yammata, bakin teku. Waƙoƙin kuwa na cika faifai ne kawai, domin Parker da abokansa sukan nemi marubucin waƙa ya ba su kaso cikin haƙƙinsa, manyan marubuta kuwa ba su yarda. Wanda ya saurari faifan fina-finan tsakiyar shekarun nan zai ji murya lafiyayya, amma mai ita ba ya nan. Daga Maris 1961 har 1968 bai hau dandali gaban jama'a ba ko sau ɗaya. Kafin ya farga samarin Ingila irin su Beatles sun kwashe kasuwa. Waƙoƙin ibada ne kaɗai suka riƙe shi, kuma kyautar Grammy uku da ya ci a gasa duk a kansu ya ci.

Cikin Yuni 1968 aka ɗauki wani shirin telebijin da aka nuna ran 3 ga Disamba. Parker ya so a cika shi da waƙoƙin Kirsimeti, mai tsara shirin ya ƙi. Elvis ya fito cikin baƙaƙen kayan fata, ya zauna da tsofaffin makaɗansa, gumi na zuba. Muryar ta koma kaushi, amma ba irin na yaro ba, kaushin mutum ne ɗan shekara 33 wanda ya san idan ya faɗi a wannan dare ya faɗi ke nan. Waƙar rufewa, If I Can Dream, an rubuta ta ne bayan kisan Martin Luther King a Memfis cikin Afrilun shekarar, kuma ya yi ta har murya na neman tsagewa. Watan Janairu 1969 ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Memfis da mura a jikinsa, dushewar kuwa ta ƙara wa wasu waƙoƙin armashi. A zaman nan aka sami Suspicious Minds, wadda ita ce ta ƙarshe da ta kai shi matsayi na ɗaya a babban jerin waƙoƙin Amurka.

Daga 31 ga Yuli, 1969 ya kama wasa a wani babban otal a Las Vegas, sau biyu kowane dare har sati huɗu. Yanzu bayansa akwai makaɗa da masu busa birjik, ga 'yan amshi maza da mata. Mai son a ji shi a kan wannan taro dole ya buɗe maƙogwaro, don haka murya ta ƙara girma, ta koma ƙasa, ya riƙa jan ƙarshen baiti yana kaɗa shi. Shekara biyu ko uku na farko abin gwanin ban sha'awa. Cikin Janairu 1973 aka watsa wasansa daga Hawai ta tauraron ɗan'adam zuwa ƙasashe da dama. Shi kansa dai, ban da garuruwa uku na Kanada cikin 1957, bai taɓa wasa a wajen Amurka ba. Mutane da yawa suna ganin dalilin shi ne Parker mutumin Holan ne da ya shiga Amurka ba takardu, yana tsoron fita.

Tsakanin 1969 da 1977 ya yi wasa fiye da dubu. Aurensa da Priscilla ya mutu cikin 1973. Ƙwayoyin barci da na farkawa da likitoci ke rubuta masa suka yi yawa, ƙiba ta hau shi. Numfashi ya gajarta, kalmomi suka riƙa cuɗewa a bakinsa, wani lokaci sai ya duba takarda. Waƙoƙinsa na ƙuruciya kuwa sai ya hanzarta su kamar mai biyan bashi. Cikin 1976 ya ƙi zuwa ɗakin ɗaukar murya, sai da RCA ta kwaso na'urori ta kai masa gidansa na Graceland. A nan ya yi Hurt, wadda ya buɗe ta da wata irin kururuwa da ta nuna ƙarfin yana nan, ikon juya shi ne ya ragu.

Ran 21 ga Yuni, 1977, a garin Rapid City, ya zauna gaban fiyano ya yi Unchained Melody, fuska a kumbure, yana haki tsakanin baitoci, amma ya kai ta har sama. Wanda ya tsaya ya riƙe masa makirfo shi ne Charlie Hodge, abokin gwajin numfashi na Jamus. Kwana biyar bayan haka ya yi wasansa na ƙarshe a Indianapolis. Ran 16 ga Agusta aka tarar da shi kwance a banɗakin gidansa, aka garzaya da shi asibiti, rai ya riga ya yi halinsa. Yana da shekara 42. Likitoci suka ce zuciya ce, binciken jininsa kuma ya nuna magunguna iri-iri. An fara binne shi a wata maƙabarta ta Memfis, cikin watan Oktoba aka mayar da gawarsa da ta uwarsa cikin lambun Graceland.