JOHN NEWTON: KYAFTIN ƊIN JIRGIN BAYI DA ALHERIN ALLAH YA RISKA

Da Edita ya nemi in rubuta tarihin wani mashahuri don wannan fitowar, sai na ga dama ce ta gyara wani kuskure nawa. Waɗanda muka yi taron addu'a tare za su tuna da waƙar nan Amazing Grace da muke rerawa a majami'ar makaranta. Wataƙila wasu za su tuna ranar da na tsaya gabanku, ina ajin ƙarshe, na ce mawallafinta mai fataucin bayi ne wanda guguwa ta kama a teku, ya tuba, nan take ya watsar da sana'ar. Haka na ji, haka na faɗa. Sai da na je jami'a na gano cewa ba haka abin ya faru ba.

Shi dai John Newton an haife shi a birnin Landan a shekarar 1725. Mahaifinsa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, mahaifiyarsa kuwa mace ce mai ibada, ita ta fara koya masa Littafi Mai Tsarki. Tarin fuka ya kashe ta a 1732, yaron bai cika shekara 7 ba. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin ubansa teku. A 1744 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi sojan ruwa na Ingila. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban abokan aiki. Da suka gaji da taurin kansa sai suka miƙa shi ga wani jirgin fataucin bayi mai zuwa Afirka ta Yamma.

A wani ɗan tsibiri kusa da gaɓar Saliyo ya zama yaron wani Bature dillalin bayi. Can zazzaɓi ya kwantar da shi, uwargidan Baturen kuma ta wulakanta shi har abinci ya gagare shi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bayin da ke ɗaure cikin sarƙa su ne suka riƙa ɓoyo abinci suna kawo masa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Wani kyaftin da mahaifinsa ya roƙa ya nemo shi ya ɗauke shi a jirgi mai suna Greyhound. A watan Maris na 1748, suna hanyar komawa gida, guguwa ta farfasa jirgin, ruwa ya yi ta shiga. Newton, wanda har sauran matuƙa ke tsoron irin saɓon da ke fita daga bakinsa, ya ji kansa yana roƙon jinƙan Ubangiji. Bayan kusan mako huɗu suka isa gaɓar Ailan da kyar. Har ya mutu bai daina tunawa da wannan rana kowace shekara ba.

To, a nan ne na yi muku kuskure. Bayan guguwar Newton bai bar cinikin bayi ba, gaba ma ya ci. Ya zama mataimakin kyaftin, ya auri Mary Catlett a 1750, sa'an nan ya zama kyaftin, ya yi tafiya uku yana kwasar 'yan Afirka yana haye teku da su. Ya daina zagi da saɓo, yana karanta Littafi Mai Tsarki, ran Lahadi yana tara ma'aikatansa su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu mutane ne jibge cikin mari. Littafin da yake rubuta al'amuran jirgi ya nuna har azabtar da wasu ya yi don su tona shirin tawaye. Mutumin da bayi suka ciyar ke nan! Ko da ya bar teku a 1754 ma, wata cuta ce ta kāda shi farat ɗaya, ba lamirinsa ba.

Na daɗe ban iya rera waƙar ba bayan na san wannan. Abin da ya sassauta mini shi ne, shi kansa bai ɓoye ba. Ya yarda cewa sai da aka jima bayan guguwar kafin ya zama mai bi na ainihi. Koyarwar da muka samu daga wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 2, ita ce ceto kyauta ce ta Allah wadda ake karɓa ta wurin bangaskiya, aikin mutum ba ya sayen ta. Muna yara mun ɗauka abin kamar kunna fitila ne. A rayuwar Newton alherin ya yi aiki kamar ruwa a kan fako, ya daɗe kafin ya ratsa. Duk da haka ban ce wannan ya wanke shi ba. Waɗanda suka mutu a jiragensa ba su ci moriyar tubarsa ba.

A 1755 ya sami aikin kwastan a Liverpool, yana binciken jiragen da ke shigowa. Wato shi ma ya taɓa aikin gwamnati irin namu. Yana wannan aiki ya koya wa kansa Girkanci da Ibrananci. Ya nemi Ikilisiyar Ingila ta naɗa shi, aka yi ta ƙi, musamman da yake ba shi da digiri, sai a 1764 aka naɗa shi aka tura shi wani ƙaramin gari, Olney. A can ya rubuta waƙar tamu don wa'azin sabuwar shekara ta 1773, aka buga ta a 1779 cikin littafin waƙoƙin da suka haɗa da abokinsa William Cowper. Karin da muke rerawa da shi daga Amurka ya zo, bayan mutuwarsa.

Ya koma wata majami'a a Landan a 1780. A ƙarshen 1785 wani matashi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya je wurinsa a ɓoye yana tunanin barin siyasa saboda sabuwar bangaskiyarsa. Newton ya ba shi shawara ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Wilberforce ne daga baya ya jagoranci yaƙi da cinikin bayi a majalisar. Ina yawan tuna wannan shawara idan aikin ofis ya gundure ni.

Sai a 1788, shekara 34 bayan barin teku, Newton ya buga ƙasida yana tona yadda ake cusa mutane a jirgi da yadda suke mutuwa, yana bayyana kunyarsa a fili. An aika wa 'yan majalisa ƙasidar, ya kuma ba da shaida a gaban masu bincike. A ganina ya makara ƙwarai, amma shaidarsa ta yi nauyi domin ta wanda ya yi sana'ar da hannunsa ce.

Matarsa ta rasu a 1790. Da tsufa ya zo idanunsa suka mutu, amma ya ci gaba da wa'azi har ƙarfinsa ya ƙare. A watan Maris na 1807 dokar hana cinikin bayi ta tabbata a Ingila, shi kuma ya rasu ran 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82. An binne shi a Landan, a 1893 kuma aka mayar da ƙasusuwansa da na matarsa Olney.